Garin ƙuruciyar Ray Bradbury: littafi za ka saya, fim za ka kalla, ko rediyo za ka saurara?

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutu. Ta daɗe tana jin ina ambaton Ray Bradbury, ran nan da dare sai ga saƙonta: "Yaya, kuɗin littafi ɗaya gare ni a watan nan, data kuma ta kusa ƙarewa. In sayi littafin mutumin nan naka, ko in nemi fim ɗin in huta?" Na fara ba ta amsa a waya, na ga maganar ta fi ƙarfin waya, domin ba littafi ɗaya ba ne, ba kuma fim ɗaya ba.

Ga wanda bai san shi ba, Bradbury Ba'amurke ne, an haife shi ranar 22 ga Agusta 1920 a Waukegan, wani ƙaramin gari a jihar Illinois, a gaɓar tafkin Michigan arewa da Chicago. A 1934, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, iyayensa suka kwashe iyali suka koma Los Angeles neman abin yi. A can ya girma, ya sayar da jarida a bakin titi, bai shiga jami'a ba, laburare ne ya zame masa makaranta. A can kuma ya rasu ranar 5 ga Yuni 2012 yana da shekara 91. Yawancin mutane da Fahrenheit 451 na 1953 suka san shi, labarin ƙasar da ake ƙona littattafai. Ba wannan ɓangaren nasa nake nufi ba. Ina nufin garin da ya baro yana yaro, wanda ya sake wa suna Green Town, ya yi ta komawa cikinsa da alƙalami har tsufa.

Kada ka zaci irin kewar nan ce ta dattawan majalisa, masu cewa da can komai araha, yara kuma da kunya. A tsakiyar Green Town akwai wani kwazazzabo mai duhu da ya raba garin biyu, kuma da gaske akwai shi a Waukegan. Duk wani daɗi da Bradbury zai ba ka, kwazazzabon nan yana gefe. Mutanensa da suka nace sai sun koma jiya, yawanci ba su wanyewa lafiya.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko kuɗi, kuma a wurinmu kuɗi ya haɗa da data da cajin waya. Na biyu juriya: abin zai daɗe a hannunka, kuma in ka koma masa bayan shekara biyar zai sake ba ka wani abu? Na uku sauƙi, wato irin Turancin da ke ciki da lokacin da zai ci maka. Na huɗu kasada: abin da zai iya ba ka takaici, ko ya tsorata yaro, ko ya ci karo da tarbiyyar gidanka.

Akwai na biyar, kuma shi na fi ba wa nauyi: nawa ne na muryar mutumin ya tsira? Labarin Bradbury in aka tuɓe masa kaya, layi uku ya ishe shi. Yaro ya ga takalmi a shago, ba shi da cikon kuɗi, ya lallashi mai shagon. Shi ke nan. Ƙarfin yana cikin yadda aka faɗa, kuma abin da kyamara ta fi shan wuyar ɗauka ke nan.

Dandelion Wine, 1957

Sunan yana nufin giyar da ake yi da wani fure rawaya mai fitowa barkatai a farfajiyar gidaje kamar ciyawa. Kakan yaran da ke cikin labarin ne ke matse furen ya ɗura a kwalabe, kowace kwalba a madadin rana guda ta lokacin zafi, don in hunturu ya zo a buɗe a tuna. Lokacin zafinsu ba irin bazararmu ba ce mai ƙurar iska da jiran hadari. Ya fi kama da damina ta haɗu da dogon hutu: ko'ina kore, rana ba ta faɗuwa da wuri, manya na hira a baranda, yara na kwance a ƙasa suna saurare.

Shekarar 1928 ce. Douglas Spaulding ɗan shekara 12 ne, ƙanensa Tom 10. A farkon littafin Douglas ya farga cewa yana raye, abin ya zo masa kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Kafin ƙarshe ya farga cewa shi ma zai mutu. Tsakanin waɗannan biyun sai ƙananan labarai a jere, domin asali yawancinsu gajerun labarai ne da suka fita a mujallu aka ɗinke su wuri guda. Akwai na takalmin kambas ɗin da na ambata. Akwai Leo Auffmann da ya ƙera injin farin ciki, matarsa Lena ta shiga ta ga Paris da faɗuwar rana da ba ta ƙarewa, ta fito tana kuka saboda an nuna mata abubuwan da a da ba ta ma san tana so ba, ga wanke-wanke yana jiranta. Akwai gwauruwar tsohuwa Mrs. Bentley, da yara mata suka ƙi yarda ta taɓa zama yarinya. Ta ɗauko musu hotonta na ƙuruciya, suka ce na wata ne ta ara.

Wanda ya fi kama ni shi ne Kanar Freeleigh. Tsoho ne tukuf a kan keken guragu, an hana shi baƙi, an hana shi duk abin da zai motsa masa zuciya. In mai jinya ta fita sai ya jawo tarho ya kira birnin Meziko, ya roƙi abokinsa ya buɗe taga ya miƙa kan tarhon waje, don ya ji ƙarar motoci da kiran 'yan talla na garin da ya sani yana da ƙarfinsa. Duk wanda ya taɓa zama a baƙuwar ƙasa ya kira gida daidai magariba, ya ce a ɗan yi shiru ya ji ladanin unguwarsu, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan babi.

Ta fuskar kuɗi, sabo ya danganta da canjin dala da kuɗin kawowa, don ba kowane kantin littattafai ke ajiye shi ba. Na gwanjo yana da araha, sai dai sai an dace. Nawa na farko a ƙasa na tsince shi wurin wani mai baza littattafai a bakin titi, tsakanin littafin lissafi da wata tsohuwar mujalla. Hunturu ɗaya ya yi a hannuna gam ɗin bayansa ya bushe, shafuka suka fara zubowa kamar ganyen bedi, kuma sai a lokacin na lura babu shafukan ƙarshe tun asali. In za ka sayi na hannu, buɗe ƙarshensa tukuna, ka tanƙwara bayansa kaɗan ka ji ko zai yi ƙara. Kwafin da ke yawo kyauta a intanet kuwa na sata ne, haƙƙin mallakar bai faɗi ba, kuma sau da yawa cike suke da kurakuran na'ura.

A juriya ta ma'ana ta biyu babu na biyunsa. A shekara ashirin labarin kambas da na abokin da ya bar gari za su kama ka. A arba'in sai ka ga ashe littafin na tsofaffin ne. A 1971 'yan sama jannatin Apollo 15 sun raɗa wa wani rami a duniyar wata suna Dandelion saboda shi.

Sauƙi ne matsalarsa. Kalmomin ba su da tsauri sosai, amma jimlolin cike suke da kamance a kan kamance, da sunayen itatuwa da alewa da kayan gidan Amurkawan 1928 da ko jikokinsu ba su sani ba. Ba shi da zaren labari mai jan mutum. Wanda ya saba da littafin da kowane babi ke ƙarewa da "me zai faru?" zai iya ajiye shi a shafi na talatin, kuma ba zan ga laifinsa ba. Wani lokaci zaƙin yana yin yawa har ya gundura.

Kasadarsa kaɗan ce. Giya ce a sunan, gaskiya ne, amma ba littafin mashaya ba ne, kwalaben ma'ajiyar kwanaki ne kawai. Akwai kuma babin wani mai kashe mata da dare, inda Lavinia Nebbs ke tsallaka kwazazzabon ita kaɗai tana ƙirga matakala. Kar a karanta wa ƙaramin yaro wannan.

Something Wicked This Way Comes, 1962

Gari ɗaya ne, amma yanzu kaka ce, ƙarshen Oktoba. Sunan daga bakin mayun wasan Macbeth na Shakespeare aka ɗauko shi, ma'anarsa wani mugun abu na tafe. Will Halloway da Jim Nightshade maƙwabta ne, an haifi ɗaya minti guda kafin sha biyun dare, ɗayan minti guda bayanta, suna gab da cika 14. Da ƙarfe uku na dare jirgin ƙasa ya shigo da ayarin 'yan wasa masu yawo gari-gari, ƙarƙashin wani Mr. Dark wanda jikinsa duk zane ne. A cikin kayan wasansu akwai lilon dawakai mai juyawa: kowane zagaye gaba yana ƙara maka shekara, kowane zagaye baya yana rage maka. Jim yana ƙagare ya girma. Mahaifin Will, Charles Halloway, mai share-share ne a laburaren garin, shekararsa 54, yana jin ya tsufa da yawa ga ɗa kamar nasa. Kowa da abin da za a saye shi da shi.

Bradbury ya sha ba da labarin cewa a 1932, yana ɗan shekara 12, wani mai wasa da lantarki da ake kira Mr. Electrico ya taɓa shi da takobi a irin wannan wasa ya umarce shi ya rayu har abada, kuma daga nan ya fara rubutu kullum. Littafin nan shi ne ɗaya fuskar wannan ranar.

Kuɗi da juriyar takarda daidai suke da na farko. Amma wannan labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe, da farauta da ɓuya da gudu, saboda haka ya fi riƙe mai karatu. Abin mamaki, Turancinsa ya fi wuya. Jimloli suna gudu suna tuntuɓe, kuma akwai dogon jawabin da uban ya yi wa yaran a laburare kan asalin mugunta, wanda wasu ke tsallakewa. Ni ban tsallake ba, amma na karanta shi sau biyu kafin ya zauna.

Kasada: akwai mayya, akwai ɗakin madubai mai nuna wa mutum tsufansa, akwai malamar makaranta da ta samu abin da ta roƙa ta zama abin tausayi. Sihirin duk a gefen mugunta yake, kuma abin da ke karya shi ba wani sihirin ba ne. Duk da haka ba na 'yan firamare ba ne.

Fim ɗin 1983

Kamfanin Disney ne ya yi shi, Jack Clayton ya ba da umarni, Bradbury da kansa ya rubuta tsarin wasan. Jonathan Pryce ne Mr. Dark, Jason Robards ne uban, wanda a nan aka ɗaga shi daga mai shara zuwa mai kula da laburare. Pam Grier ce mayyar. Tsawonsa awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna.

Fim ne da aka yi wa tiyata. Bayan an gama, kamfanin bai gamsu ba, aka sake ɗaukar wasu wurare, aka cire kiɗan da Georges Delerue ya tsara aka sa na James Horner, aka ƙara wani wuri da manyan gizo-gizo suka cika ɗakin yaran. In ka zuba ido a nan za ka ga yaran sun fi girma fiye da yadda suke a sauran fim ɗin, don an ɗau lokaci kafin a dawo da su. Ɗinkin yana nunawa. Bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba a gidajen kallo.

Amma akwai minti biyar a ciki da suka cancanci datarka. Mr. Dark ya ritsa uban a laburare da dare, ya ɗauki littafi, yana yi masa tayin ƙuruciya: in ka faɗi inda yaran suke, ka koma shekara talatin. Uban ya yi shiru. Sai ya yage shafi ɗaya, shafin ya yi haske ya faɗi, tayin ya koma talatin da ɗaya, da biyu, yana yagewa yana ƙirgawa kamar ɗan kasuwar da ke janye ragi. Fuskar Robards a wurin ta faɗi abin da littafin ya ɗau shafuka yana faɗa. Wannan wuri ɗaya ne da zan ce fim ya yi kafaɗa da kafaɗa da rubutun.

Kuɗinsa data ce mai ɗan yawa ko faifan da za a yi odarsa, kuma ba fim ba ne da za ka samu wurin masu tura finafinai a waya. Sauƙi, shi ne kan gaba: zama ɗaya, Turanci a fili. Juriya matsakaiciya, don dabarun hotonsa sun tsufa, wasan Pryce ne bai tsufa ba. Babbar kasadarsa ita ce in ka fara da shi, fuskar Mr. Dark ta zauna maka ke nan, ba za ka ƙara ƙera taka ba in ka zo karatu. Ƙarshensa ma ya bambanta da na littafin, an fi ba tsawa da walƙiya aiki. Kuma sunan Disney kada ya ruɗe ka ka zaunar da 'yan shekara shida gabansa.

The Ray Bradbury Theater, 1985 zuwa 1992

Shirin talabijin ne mai kashi 65, kowanne ƙasa da rabin awa, kowanne labarinsa daban, kuma duka shi ya rubuta su daga gajerun labaransa. Ya fara a tashar HBO, ya koma USA Network. Kowane kashi yana buɗewa da tsohon da kansa yana shiga ofishinsa mai cike da tarkace, kayan wasan yara da kwarangwal da hotuna, yana nuna cewa daga nan labaran ke fitowa. An ga manyan 'yan wasa a ciki: William Shatner, Jeff Goldblum, Peter O'Toole, da Drew Barrymore tana yarinya. Labarin injin farin ciki da na mai kashe matan nan duk an yi su a nan, don haka shi ne mafi kusa da ganin Dandelion Wine a allo da Turanci.

Kamar buhun gwanjo yake. Wani kashin ka ɗaga ka ga sabo fil, wani ka rasa me ya kawo shi. Kuɗin shiryawa kaɗan ne, an ɗauki kashi-kashi a Kanada da New Zealand da Turai, hoton ya dushe irin na kaset ɗin bidiyo, dodannin kuwa dariya za su ba yaron da ya saba da finafinan yanzu. Amfaninsa shi ne ba ka asarar komai: in kashi bai yi ba, minti ashirin da 'yan kai ne suka tafi. Waɗanda suka fi kyau su ne marasa dodo, mutum biyu a ɗaki ko a jirgin ƙasa suna magana.

Wasannin rediyo

Nan ne zaɓin da ba wanda ke tambayata a kansa, kuma shi nake fara miƙa wa mutane. Gidan rediyon NBC ya yi shirin Dimension X a 1950 zuwa 1951, sannan X Minus One daga 1955 zuwa 1958, kuma dukansu sun juya labaran Bradbury zuwa wasan kwaikwayo na kusan rabin awa. Ana samunsu kyauta a rumbun Internet Archive. A 1984 kuma an yi Bradbury 13, labarai goma sha uku da aka shirya a Jami'ar Brigham Young, da sauti mai tsabta fiye da na da.

Nemi "Mars Is Heaven!", labarin 1948. 'Yan sama jannati sun sauka a duniyar Mars, maimakon hamada sai suka tarar da ƙaramin gari irin na ƙuruciyarsu, da gidajen katako da makaɗa, kuma iyayensu da kakanninsu da suka rasu suna tsaye a ƙofar gida suna yi musu maraba. Kowa ya watsar da bindigarsa ya bi nasa gida cin abincin dare. Sai da jagoransu ya kwanta a tsohon gadonsa, aka kashe fitila, sannan wani tunani ya zo masa. Ba zan ƙarasa ba. Duk abin da Bradbury ke nufi da kewa yana cikin wannan rabin awar.

Mu da muka tashi da wasan kwaikwayon rediyo da tatsuniya a tsakar gida bayan isha'i mun san aikin da kunne ke yi in ido ya huta. Rediyo ba ya nuna maka garin, saboda haka garinku za ka gani, kuma abin da rubutun ke yi ke nan. Na saurari wannan wasa wani dare da aka ɗauke wuta, ina kwance a tabarma a waje saboda zafi, wayar a kan ƙirjina. Da aka zo wurin kashe fitilar sai da na tashi zaune na duba ƙofar zaure.

Data kaɗan yake ci, caji ma haka, kuma in ka sauke sau ɗaya ya zauna. Wahalarsa a kunne take: Turancin Amurkawan 1950 ne, da sauri, wani faifan da shashshaka, babu rubutu a ƙasa da zai taimake ka. Masu shirin sun gajarta labaran, wani wurin sun sauya. Kuma yawancinsu na sararin samaniya ne, ba na Green Town kai tsaye ba.

The Halloween Tree, katun na 1993

Wannan na yara ne. Littafin ya fito a 1972, kamfanin Hanna-Barbera suka mayar da shi katun, Bradbury ne mai ba da labari da muryarsa, Leonard Nimoy ya yi muryar tsohon da ke jan yaran, rubutun kuma ya ci kyautar Emmy. Yara huɗu ne ke bin ruhin abokinsu mara lafiya ta tsohuwar Masar da Turai har Meziko, suna ganin yadda kowace al'umma ke tunawa da matattunta. Shigar dodanni da bin gida-gida na daren Halloween, bikin da ake yi a ƙarshen Oktoba, zai tuna maka da tashe, amma a sura kawai, asalinsu ba ɗaya ba ne. Kasadar a fili take: biki ne da ba namu ba, da zancen ruhohi da cinikin rai. Uba ko uwa su fara kallo su yanke hukunci.

Biyu da zan ce a bari sai daga baya: shirin The Martian Chronicles na 1980 mai kashi uku da Rock Hudson, wanda Bradbury da bakinsa ya ce yana da gundura, da kuma Farewell Summer na 2006, cigaban Dandelion Wine da ya fito bayan shekara 49, siriri ne kuma ba ya tsayawa da ƙafarsa.

| Zaɓi | Kuɗi | Juriya | Sauƙi | Kasada | Muryar marubucin |
|---|---|---|---|---|---|
| Dandelion Wine | Sabo da tsada, gwanjo sai an dace | Mafi daɗewa | Yana son haƙuri | Gundura a farko, babi ɗaya mai ban tsoro | Cikakkiya |
| Something Wicked, littafi | Kamar na sama | Sosai | Labari na ja, Turanci da nauyi | Mayya da firgici | Cikakkiya |
| Fim ɗin 1983 | Data mai yawa ko faifai | Matsakaiciya | Mafi sauƙi | Zai riga ka zana fuskoki | Rabi |
| Shirin talabijin | Kaɗan-kaɗan | Wani kashi e, wani a'a | Da sauƙi | Faɗawa kan kashi mara kyau | Tana zuwa tana tafiya |
| Rediyo | Kusan kyauta | Sosai | Sai mai kunnen Turanci | Sauti mara tsabta | Fiye da rabi |
| Katun na 1993 | Matsakaici | Daidai gwargwado | Da sauƙi | Bikin da ba namu ba | Muryarsa ce da kanta |

Wa ya dace da wanne

In kana da kuɗin littafi ɗaya kuma ka san kanka da ajiye littafin da ba ya gudu, sayi Something Wicked This Way Comes. Zai kai ka ƙarshe, in ka so shi sai ka nemi ɗayan. In kuwa ka haura talatin da biyar, ko ka yi rashin kaka ko mahaifi kwanan nan, ko kana zaune nesa da garinku, Dandelion Wine ne naka, babi ɗaya a dare, kar ka yi masa karatun jarrabawa.

Mai koyon Turanci da ke son ya horar da kunnensa, da direban da ke kwana a hanya, da duk wanda datarsa ke ƙarewa kafin wata, su sauke wasannin rediyo. Malamin da ke neman abin da zai nuna wa 'yan sakandare a darasi ɗaya ya zaɓi kashi guda na shirin talabijin, ya fara kallonsa shi kaɗai, sannan ya haɗa shi da gajeren labarin da aka ɗauko shi daga ciki, yara su faɗi abin da ya ɓace a hanya. Fim ɗin 1983 na wanda ya riga ya karanta littafin ne, ko wanda ya tabbata ba zai taɓa karantawa ba. Katun ɗin na gidan da iyaye za su zauna tare da yara su amsa tambayoyi.

Ita ƙanwata malamar Turanci ce, nauyin jimla ba zai dame ta ba, kuma bara muka binne kakarmu, wadda har ta rasu ba ta yarda wani ya gyara mata jeren tukwanenta ba. A Dandelion Wine akwai babin da wata gwaggo ta zo baƙunta ta shirya wa kakar yaran madafa tsaf, ta sa wa kowane gwangwani suna, ta saya mata littafin girki, daga ranar abinci ya daina daɗi. Na ce mata ta riƙe kuɗinta, ta sauke "Mars Is Heaven!" da ragowar datar, ranar Asabar kuma ta aiko yaro ya karɓi kwafina na biyu, mai cikakkun shafuka.